Likita, Kwikwiyona Ya Ƙi Yin Fitsari a Gabana

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ma'aikatan wannan shiri. Na daɗe ina sauraron amsoshin da kake ba masu kiwon dabbobi, kuma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan zauna in rubuto maka a kan kare ba. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Na gwammace in faɗa maka komai, har da abin da nake jin kunyar faɗa, domin wanda ya ɓoye wa likita ciwonsa kansa ya cuta.

Ina da ɗan kwikwiyo namiji, baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji. 'Yata ce ta raɗa masa suna Duna. Yau makonsa 19 a duniya. Karyar wani abokin aikina ce ta haifi bakwai, ya rasa yadda zai yi da su, ya riƙa rabarwa. Na karɓo nawa yana mako 6, a tafin hannuna biyu na shigo da shi gida. Sai daga baya na ji cewa bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8 ba. An yi mini bayani cewa a makonni ukun farko uwar ce take lasar cikinsu kafin su iya yin fitsari ko kashi, daga nan su fara jan jiki suna barin makwanci idan abin ya matsa musu, sannan wajen mako 8 kwikwiyo yakan zaɓi irin ƙasar da zai saba tsugunawa a kai, ko turɓaya, ko ciyawa, ko siminti. Nawa kuwa, a daidai wannan lokacin, abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa kafet ɗin falona ne.

A gidan mu huɗu ne: ni, da maiɗakina, da 'yata mai shekara 10, da ƙaninta mai wata 9 wanda yanzu yake rarrafe ko'ina. Ka riƙe maganar yaron nan, zan dawo kanta.

Mako biyun farko mun sha wanki. Fitsari a bakin ƙofa, kashi a gefen kujera, wani lokaci sau goma a yini. Da abin ya ishe ni na je wurin wani maƙwabcina, dattijo ne da ya daɗe yana riƙe karnuka. Ya ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce duk inda na tarar ya ɓata, in kama ƙeyarsa, in dangwara hancinsa a cikin abin, in ba shi biyu masu zafi, sau uku kawai zai daina. Ba na ɗora wa dattijon laifi, abin da ya taso ya gani ya faɗa mini. Hannun da ya yi dukan nawa ne.

Mako biyar na yi ina wannan, daga makonsa na 8 zuwa na 13. Akwai wata rana da ta ƙi fita daga raina. Na dawo daga aiki wajen ƙarfe 6 na yamma, a gajiye, ina buɗe ƙofa na ga fitsari a kan tayil, gefensa har ya fara bushewa, wato an yi awanni da yin sa. Sai ga Duna ya sheƙo da gudu, kunnuwa na rawa, yana kaɗa wutsiya har da ƙugu don murnar ganina. Ban ko ajiye jaka ba na damƙe wuyansa, na ja shi zuwa wurin, na goga hancinsa, na cire silifa na zabga masa. Ya yi wata ƙara siririya. Da na sake shi bai gudu ba. Ya kwanta a wurin, ya manne haɓa da ƙasa, yana kallona ta ƙasan ido, jikinsa na ɓari. A lokacin na ce wa maiɗakina: kin gani, ya san laifinsa. 'Yata ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ranar ko abincin dare ba ta ci tare da mu ba.

Bayan kwana kamar goma muka daina ganin komai a tsakiyar falo. Na ɗauka nasara ce, har na je na yi wa dattijon godiya. Sai zarni ya fara tashi a ɗakin, mu duba mu rasa daga ina. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da muka jawo babbar kujera daga jikin bango, jikina ya yi sanyi. Bayanta ya jiƙe sharkaf, kafet ɗin ya canza launi, ga busasshen kashi a kusurwa. Muka leƙa ƙarƙashin gadon 'yata, nan ma haka. Ashe bai daina ba, ɓuya ya koya.

A mako na 13 na kai shi asibitin dabbobi don ci gaba da allurar rigakafi, har da ta ciwon haukan kare. Da aka ɗora shi kan teburi na miƙa hannu zan riƙe shi, sai ya kwanta ta gefe, ya ɗaga ƙafar baya, fitsari ya zubo. Likitar ta dube shi, ta dube ni, ta ce: Malam, kana dukansa? Na rasa bakin magana.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kare yana haɗa lada ko horo ne da abin da yake yi a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba da abin da ya yi awa uku da suka wuce ba. Ta ce ranar da ya tarye ni da murna na doke shi, abin da ya fahimta shi ne dawowata gida haɗari ce, kuma duk lokacin da ni da fitsari muka haɗu a wuri guda, duka na tafe. Wannan kallon da na kira sanin laifi, ta ce roƙo ne, yana neman in ƙyale shi. Ta kuma gaya mini abin da ya fi ƙona mini rai, cewa mafitsarar kwikwiyo ba ta da ƙarfin riƙewa. Ƙiyasin da ake yi shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata ɗaya na rayuwarsa, ɗan wata 2 kusan awa 2, ɗan wata 3 kusan awa 3, kuma da yawansu sai sun kai wata 4 zuwa 6 kafin su iya riƙewa sosai. Wato na yi mako biyar ina dukan jariri a kan abin da jikinsa bai kai yi ba.

Akwai layi a bayana, don haka a gurguje ta zayyana mini tsarin da zan bi, ni kuma na dawo gida na kama shi hannu biyu. Yau mako 6 ke nan rabon da in ɗaga masa hannu, ko tsawa ba na yi. Ana ba shi abinci sau uku a rana a kan lokaci, bayan minti 15 a ɗauke kwanon ko ya cinye ko bai cinye ba. Ruwa yana nan duk yini, sai awa 2 kafin barci nake ɗaukewa. Na ware masa kusurwa guda a bayan gida mai turɓaya. Ana fita da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa, da duk lokacin da aka ga ya sa hanci ƙasa yana sunsune yana kewayawa. Idan ya yi a wurin, a yaba masa nan take, a ba shi ɗan guntun nama. Na samo keji daidai jikinsa, wanda zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta, ba fiye da haka ba, saboda an ce kare ba ya son ɓata inda yake kwana, kuma idan kejin ya yi faɗi zai mai da gefe guda makwanci, gefe guda makewayi. Na kuma sayi ƙaramin littafi ina rubuta lokacin da ya ci, da lokacin da ya yi, da inda ya yi, da wanda ke tare da shi.

Littafin nan ne ya nuna mini abin da ya sa na rubuto maka. Tsarin yana aiki, amma ba da ni ba.

Idan 'yata ta fita da shi, ba ya wuce minti 2. Tana kai shi kusurwar ta ce masa "yi maza", ya ɗan kewaya sau biyu, ya tsuguna, ya gama, ya zo ya karɓi namansa yana tsalle. Da maiɗakina ma yakan yi, ko da yake yakan ɗan ja lokaci. Ni kuwa, Likita, a cikin mako shidan nan ko sau ɗaya bai taɓa yin fitsari ina tsaye ba. Na duba shafi bayan shafi. Ko sau ɗaya.

Bari in kwatanta maka daren jiya, don duk dararen kusan iri ɗaya ne. Na saita agogon waya ƙarfe 2. Na tashi, na buɗe kejin, na ɗaura masa igiya, muka fita. Cikinsa a cike yake, ana gani a tafiyarsa. Ya je kusurwar, ya sunsuna, ya kewaya, ya buɗe ƙafafun baya, har ya fara sauke ƙugu. Sai ya ɗago kai ya kalle ni. Nan take ya miƙe, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya koma jikin bango ya zauna yana lasar baki. Na ce "yi maza" a hankali, kamar yadda 'yata take faɗa. Ya ƙara maƙurewa. Muka yi minti 40 a haka, ni a tsaye da guntun nama a hannu, shi a zaune yana matse da abin da ya dame shi. Da na gaji muka shiga. Idan na sake shi a falo, kafin in rufe ƙofa ya zagaya bayan kujera ya yi. Idan na mai da shi keji, da asuba in tarar da shimfiɗarsa a jiƙe, shi kuma ya takure a gefe guda. Jiya keji na mai da shi. Wannan ne karo na huɗu a mako biyu da ya jiƙa makwancinsa, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin idan ya saba kwana cikin fitsarinsa, ƙyamar nan da dukan tsarin ya dogara a kanta ta tafi.

Za ka ce to me ya sa ba zan bar wa 'yata aikin ba. Da rana, bayan ta dawo daga makaranta, ita ke yi. Amma ba zan ta da yarinya mai shekara 10 ƙarfe 2 na dare ba alhali da safe za ta shiga aji. Maiɗakina kuma tana shayarwa, barcin da take samu ma bai kai ya kawo ba. Fitar dare da ta asuba tawa ce, babu wani. Ga shi ni ne mutum ɗaya a gidan da ba zai yi a gabansa ba.

Na gwada dabaru. Na sa doguwar igiya na tsaya nesa. Na juya masa baya. Na zauna a ƙasa don kada tsayina ya tsorata shi. Wanda ya yi aiki guda ɗaya ne: wani dare na bar shi a kusurwar, na koma cikin gida na leƙa ta taga. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya tsuguna, ya daɗe yana yi, har na ji tausayin irin abin da yake riƙewa. Na fito da sauri da nama don in yaba masa. Yana jin motsin ƙofa ya kwanta rub da ciki, ya ƙi karɓa. To ka ga inda na maƙale. Idan ina kusa ba zai yi ba. Idan ina nesa zai yi, amma ladan da aka ce a bayar a cikin daƙiƙa biyu ba zai isa a kan lokaci ba, kuma fitowata a guje, a wurinsa, kamar farkon duka ce. Shin in haƙura da ladan, in riƙa barinsa shi kaɗai ina kallo ta taga, tunda dai a waje yake yi? Ko hakan zai ƙara tabbatar masa cewa fitsari abin ɓoyewa ne daga gare ni? Ko akwai yadda ake rage tazarar kaɗan-kaɗan, yau daga taga, gobe daga bakin ƙofa, har a kai ga tsayawa kusa? Idan akwai, kwana nawa zan yi a kowane mataki, kuma da me zan gane lokacin matsowa ya yi?

Sai maganar fitsarin da yake saki idan na dawo daga aiki. Har yanzu yana zuwa tarya ta, amma da jan ciki yake zuwa, ya kwanta ta gefe, ɗan fitsari ya ɗiga. Likitar ta ce wannan daban ne da rashin horo, alamar miƙa wuya ce, kuma faɗa ƙara shi yake yi. Ta ce idan na shigo kada in kalle shi ido cikin ido, kada in sunkuya a kansa, in wuce kawai, sai ya natsu in tsuguna ta gefe in bar shi ya zo da kansa. Ina yi, kuma ya ɗan ragu. Shekaranjiya ma, karo na farko, ya karɓi nama daga tafin hannuna ya ci a wurin, bai ɗauka ya gudu ba. Na daɗe a tsugune ban motsa ba. Sai dai na ji an ce tsakanin mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo yake koyon wanda zai amince da shi da abin da zai ji tsoro, kuma abin da ya shiga a wannan lokacin yana da wuyar fita. Kusan rabin wannan lokacin da silifa na cika masa shi. Ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni: irin wannan tsoron yana warkewa gaba ɗaya, ko dai raguwa kawai yake yi ya zauna da shi har tsufa?

Yanzu in dawo kan yaron da na ce ka riƙe. Makon jiya maiɗakina ta juya ɗauko abu, kafin ta waiwayo ya rarrafa bayan kujera, ta same shi da hannu a kan jiƙaƙƙen kafet yana shirin kai wa baki. Da na dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yi haƙuri wata uku, ta ba ni zuwa ƙarshen watan gobe, idan gidan bai tsabtata ba kare zai bar shi. Ban ga laifinta ba, ita ke wuni da su biyun, ita ke riƙe da yaro a hannu guda tana neman igiyar kare da ɗayan. Ta ɓangaren tsutsar ciki ina iya ƙoƙarina. An ba Duna maganin a kan lokaci, kuma kullum nake kwashe kashinsa, domin an gaya mini ƙwayayen tsutsar sai sun yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin su iya kama mutum, kuma yara masu sa hannu a baki su suka fi shiga haɗari. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Akwai wani abin da ya kamata in ƙara saboda yaron?

Kafet ɗin kansa ya zame mini ciwon kai. Sau uku na wanke shi da sabulu. Sau ɗaya ma, cikin rashin sani, na yi amfani da maganin goge ƙasa mai amoniya, ashe warinsa a hancin kare kama yake da fitsari, kamar na kafa masa alama ne na ce nan ne wurin. Daga baya na samo mai enzayim, wanda aka ce shi yake narkar da abin da ke riƙe zarnin. Ni yanzu ba na jin komai, shi kuwa kai tsaye yake nufar wurin. Ina zargin ya ratsa har ƙasan kafet ɗin. In naɗe shi in fitar gaba ɗaya, in toshe bayan kujerar? Ko kuwa idan na toshe nan zai nemi wata maɓoya ce kawai, tunda tsoron na nan?

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a littafin cikin kwanaki biyar da suka wuce. Yawan fitsarinsa da rana ya ƙaru, ranar Talata sau 11, kuma kaɗan-kaɗan yake yi, yana yawan lasar gabansa. Ba mu ga jini ba, yana cin abinci, yana wasa. Ina tunanin ko riƙewar da yake yi da dare ta jawo masa ciwon mafitsara. Idan gwajin fitsari ake bukata zan kai shi, sai dai ka koya mini yadda ake tarar fitsarin karen da ba ya yi a gabana. 'Yata ta ce za ta iya zura faranti a ƙarƙashinsa idan ya tsuguna. Ina tsoron kada hakan ya firgita shi, mu rasa wadda ya fi amincewa ya yi a gabanta.

Masu ba da shawara sun yi yawa. Wasu sun ce in ɗaure shi da sarƙa a waje dare da rana, magana ta ƙare. Raina bai kwanta da wannan ba. Kare mai tsoro da aka ɗaure ba shi da hanyar gudu, kuma na ji kai da kanka ka taɓa cewa irinsu ne suka fi saurin kai cizo, ga yara a gidan. Wasu sun ce in bayar da shi in huta. Wa zai karɓi karen da yake sakin fitsari idan an miƙa masa hannu? Duk wanda ya karɓa, kwana biyu zai ɗauko bulala, ya ɗora daga inda na tsaya. Ni na ɓata shi, ni ya kamata in gyara. Ga kuma wata 6 na ƙaratowa, lokacin da aka ce namiji yake fara ɗaga ƙafa yana sa alama a jikin kaya, ban so wannan ya tarar da mu ba mu fita daga na farko ba.

Ina da kwana 40 da 'yan kai kafin wa'adin maiɗakina ya cika. Ba na ƙin tashin dare, ko sau uku ne zan tashi, kuma idan ka ce in ɗauki hutun mako guda daga aiki in zauna da shi, zan nema. Abin da na fi bukata shi ne ka gaya mini dalla-dalla abin da zan yi idan agogo ya buga ƙarfe 2: in ɗaura igiya ko in bar shi sake, in tsaya a ina, in yi magana ko in yi shiru, minti nawa zan jira, kuma idan bai yi ba, keji zan mai da shi ko wani wuri dabam. 'Yata ta ce in tambaye ka ko za ta iya tashi tare da ni a daren Juma'a da Asabar, tunda babu makaranta washegari, ta tsaya kusa da shi ni kuma ina bayanta, ko zai fara sabawa da ganina a wurin. Na ce mata sai abin da Likita ya ce.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Mai sauraronka a kullum, mahaifin yara biyu.